Muryoyin Hajiya Kulu da Layin da Ya Ƙi Gudu

Ku gyara zama, ku kife wayoyin nan a kan tabarma. Ga wata nan gare ku, kuma ba ta sa barci ba ce, ta sa gardama ce. In na kai ƙarshe na sauke nawa, sauran aiki naku ne.

A wani gari da ke kan hanyar Sakkwato akwai wani ƙaramin gidan rediyo, a cikinsa akwai Hajiya Kulu, mai kula da taskar muryoyi. Tun tana budurwa take yawo ƙauye-ƙauye da rakoda. Ta ɗauki maƙera da marina, ta ɗauki tsofaffin da suka ga shekarun yunwa da idonsu, ta ɗauki mata suna waƙar niƙa, har da mahaifiyarta a ciki. Yawancin masu muryoyin nan ƙasa ta rufe musu ido. Kaset-kaset ɗin gara ta cinye su tuni, sai dai kafin nan an juye su cikin wata babbar na'ura da ke wani ɗaki mai sanyi a bayan gidan. Duk duniya babu wani kwafi sai wannan.

Sai aka zo faɗaɗa titi, aka shafa wa bango jan fenti. Ɗakin na'urar yana cikin abin da za a rushe, katafila kuwa tana tafe gida-gida.

Na ga bakinka yana motsi, Sallau. Za ka ce a cicciɓi na'urar a kai wani wuri. To faya-fayan cikinta sun tsufa, sun yi shekaru suna juyawa ba a taɓa kashe su ba, kuma tsohon faifai in ya huce ba lallai ya sake tashi ba. Sabon da aka yi oda don a juye a kai yana can tashar jirgin ruwa yana jiran takardu. Hanya ɗaya ta rage, a tura muryoyin ta waya zuwa ma'ajiyar nan ta ƙetare da kuke kira girgije. Gidan ya kama layin fayiba, wato wayar intanet mai sauri, na musamman daga ɗakin har can, mai faɗi, aka ce kwana kaɗan zai kwashe komai. Da aka fara turawa sai abu ya zama ɗigon rufi. Na'ura ta yi hasashe ta ce a wannan tafiyar sai bayan damina. Aka kira kamfanin layi, suka ce su dai a wajensu komai lafiya lau. Hajiya Kulu ta rame a tsaye, kullum tana bakin ƙofar ɗakin da carbi, tana jin rugugin katafila yana matsowa.

Akwai abokai uku 'yan unguwarsu da suka yi karatun na'ura tare, Zailani da Mansura da Nafi'u. Duk a gabanta suka tashi, Gwaggo suke ce mata. Da suka ji, kowa ya ajiye aikinsa ya zo.

Zailani mutum ne da ba ya yarda da an ce. Ya tura saƙon gwaji ya bi sawunsa zango-zango, sai ya ga kayan ko taka fayibar ba sa yi. Ta wani tsohon layin ko-ta-kwana suke bi, siriri, wanda aka ajiye don ranar tsiya. Ruwa ba ya tsami banza, don haka ya tsuguna ya bi wayoyi da hannu har bango. Abin da ya tarar, sai ku yi dariya. Da azumin da ya wuce, ma'aikatan gidan sun so ƙanƙarar buɗa-baki, sai suka zare rauta, wato akwatin da ke zaɓar wa saƙo hanya, daga soket ɗin batir suka jona firji, ita kuma suka mayar da ita soket ɗin bango. Azumi ya wuce, firji ya zauna. Duk sanda aka ɗauke wuta rautar ta mutu, in janareta ya tashi ta farka ta kama tsohon layi, ba ta komawa fayiba. A garin kuwa kun san sau nawa ake ɗauke wuta. Zailani ya kori firji, ya sha harara daga masu karanta labarai, ya mayar da rauta kan batir ba tare da ya girgiza faya-fayan ba, ya koya mata ta riƙe fayiba. Gudu ya ƙaru, aka yi hamdala.

Ashe tsugune ba ta ƙare ba. Ƙananan muryoyi suna wucewa, manyan hirarraki kuwa su fara su tsaya cik. Duk gwajin da aka yi sai ya nuna layi lafiya, don saƙon gwaji ƙarami ne. A nan Mansura ta ja kujera. Ita ba ta da yawan magana, amma in ta kafe a kan abu sai ta ga ƙarshensa. Ta riƙa tura ƙunshi tana ƙara masa girma kaɗan-kaɗan, har ta kai girman da in ya tafi ba a sake jin labarinsa. Ta gano cewa kafin kowane ƙunshi ya fita ana naɗe shi da rufin sirri, rufin ya ƙara masa kauri, sai ya fi ƙarfin wata ƙofa a tsakiyar hanya, a yar da shi. Kamar jaki ne da mangala biyu a ƙofar zaure. Ita ƙofar takan aiko da sanarwa cewa a rage kaya, amma wanda ya kafa tsaron gidan tun da can, don tsoron ɓarayin intanet, ya toshe duk wata sanarwa mai shigowa. Mansura ta yini a waya da mutanen kamfanin, suna mata gani-gani, har sai da ta sa suka ga ɓatan ƙunshin da idonsu. Ta rage girman ƙunshi, ta buɗe wa sanarwar kafa. Manyan hirarraki suka fara wucewa ba tuntuɓe.

Duk da haka layin bai cika ba, kuma yanzu katafila tana shagon mai faci da ke maƙwabtaka. Nafi'u, wanda tun zuwansu yake zaune kusa da na'urar yana saurarenta har ana masa tsiya wai ya zo jinya, ya ce matsalar nisa ce. Na'urar takan tura kaɗan ta tsaya jiran a ce mata ya iso, amsar kuwa daga ƙetaren teku take zuwa, sai jira ya fi aiki yawa. Ya raba turawar zuwa sahu da yawa, kowanne na tafiya ba ya jiran ɗan'uwansa. Zailani ya ce a buɗe sahu iya iyawa. Nafi'u ya ƙi, ya ce in aka matsa wa tsofaffin faya-fayan za su mutu a hannu. Ya riƙa ƙarawa yana kasa kunne, har ya tsaya inda za su iya ɗauka. Sannan ya ce da faifan da ya ji yana ƙyas-ƙyas za a fara.

Hajiya Kulu ta matso ta ce, "Nafi'u, waƙoƙin niƙan nan fa? Muryar Inna tana ciki. Ka fara da su don Allah."

Ya sunkuyar da kai ya ce, "Gwaggo, ki gafarce ni. Nasu faifan yana da sauran ƙarfi. Wannan kuwa ban yi masa zaton gobe ba."

Ta koma bakin ƙofa. Na faɗa muku gaskiya, a ranar babu wanda ya so Nafi'u, har abokansa. Amma faifan nan mai ciwo, kayansa na gama hayewa ya yi wata ƙara ya tsaya, bai sake juyawa ba. A cikinsa ne maƙera da marina da tsofaffin yunwa suke.

Waƙoƙin niƙa suka zo kusan ƙarshe. Suna tafiya masu rusau suna cire kwanon ɗakin kusa, ƙura na shigowa ta ƙarƙashin ƙofa. Da shugaban masu rusau ya ce ba zai iya ƙara jira ba aka yanke wuta, shirye-shiryen gaishe-gaishe na wasu shekaru ne kawai ba su haye ba, kuma sun tafi ke nan, don na'urar da aka fitar ba ta sake tashi ba. An yi jimaminsu, amma da ƙyar na sha ya fi da ƙyar aka kama ni.

A gindin dalbejiya, ga ɓaraguzai a gabansu, Mansura ta buɗe ma'ajiyar a wayarta ta miƙa wa Hajiya. Aka ji gurzar dutsen niƙa, sannan wata murya siririya ta tashi. Hajiya Kulu ta rufe fuska da mayafi ta yi kukan da ta daɗe tana riƙewa, na daɗi ne, kowa ya ƙyale ta. Har direban katafila ya kashe inji ya tsaya saurare.

Da ta natsu ta ce musu, "Ku zo nan, 'ya'yana. Idona ya yi rauni, aikin nan zan ajiye shi. An ce ma'ajiyar can sunan mutum ɗaya take karɓa, shi ke da babban makulli, shi zai ce a buɗe ko a rufe. Amana ce, ba na so in mutu ba ta da mai ita." Ta dubi wannan, ta dubi wancan, ta kasa furta suna.

To ga shi nan. Ba don Zailani ba da har yau kayan suna rarrafe a layin da ba nasu ba. Ba don Mansura ba da sun hau layin kirki suna zubewa a hanya ba wanda ya sani. Ba don Nafi'u ba da katafila ta riga su, ko faifai ya mutu da mutanensa a ciki, ko da yake da muryar uwar wani ya yi kasada. Kada wani ya ce mini hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, na sani, amma makulli ɗaya ne kuma tsohuwa tana jira.

Ku faɗa mini, a cikin ukun nan wa ya cancanci a damƙa masa muryoyin mutanen da ba za su sake magana ba?