Gaiwar da Ke Cikin Busasshen Kududdufi

Akwai wani mutum mai ɗan lambu a bayan gidansa. A tsakiyar lambun akwai kududdufi, ramin da ya haƙa don ɗibar ƙasar ginin gidan tun yana da ƙarfi. Kowace damina ramin yakan cika, bado ya rufe shi. Da yamma mutumin yakan shimfiɗa tabarma a gindin gwaiba, shi da matarsa, suna kallon balbela tana takawa a bakin ruwa, mazari yana shawagi, kurciyoyi suna sauka su sha. Wani lokaci gaiwa takan leƙo, ta shaƙi iska, ta koma. Ba shi da saniya, ba shi da doki, amma in yana zaune a wurin ba ya kishin kowa.

Sai wata shekara rani ya yi tsawo, ruwan ya fara janyewa. Mutumin ya shiga jan ruwa daga rijiya yana zubawa, guga bayan guga, safe da yamma. Ina! Kamar ana zuba ruwa a kwando. Bayansa ya riƙe, igiya ta cinye masa tafin hannu. Bado ya ƙone, kwaɗi suka yi shiru, balbela ta daina zuwa. Laka ta bushe ta tsattsage.

Ya gaji liƙis, ransa kuma ya ɓaci. Ya ce wa matarsa, "Na yi iyakar ƙoƙarina. Ramin nan ya mutu. Gobe zan farfasa shi in cike da ƙasa, kowa ya huta."

Ta ce, "Maigida, ka bari mu ga ruwan farko."

Ya ce, "Wata nawa ina jira?"

Da safe ya ɗauki fartanya ya sauka cikin ramin. Ya kai sara da duk fushin da ke cikinsa. Da ya ɗaga fartanyar, sai ya ga jini a bakinta. Ya durƙusa ya tona da hannu. Ashe gaiwa ce, ta naɗe a cikin busasshiyar laka tana jiran damina, ga shi ya raba ta biyu. Ya ƙara tonawa a hankali, ya sami wata a gefe, da ranta.

Ya daɗe a durƙushe. Sa'an nan ya mayar da laka ya rufe mai ran, ya hau ya jingine fartanya. Bayan mako uku aka yi ruwa, kududdufin ya cika, kwaɗi suka dawo da hayaniyarsu. Gaiwa ɗaya ta leƙo. Mutumin ya yi murna, amma ya san da bai kai saran nan ba, da biyu ne za su leƙo.

To, 'yan'uwa, ga ma'anar wannan misali. Kududdufin shi ne zuciyar wanda kuka sha wahala a kansa: ɗan da kuka goya cikin addu'a ya daina zuwa sujada, ko ƙanin da kuka yi wa gargaɗi har murya ta dushe. Kun gaji, na sani, ni ma na gaji da waɗansu. Gaiwar ita ce maganar Allah da ta shiga tun da daɗewa, tana kwance inda ido ba ya gani. Fartanyar kuwa bakinmu ne, ranar da gajiya ta sa muka ce, "Kai ba za ka taɓa gyaruwa ba, na cire hannuna daga kanka."

Ruwan sama na Ubangiji ne, shi ya san ranar da zai sauko da shi. In kun gaji, ku ajiye guga ku huta, babu laifi. Amma kada ku ɗauki fartanya.