Sittin ɗin Endel

Meelis mutum ne da Allah ya yi wa baiwar hannu, amma ya haɗa masa da raina na ƙasa da shi. A duk ƙauyen Sookalda babu wanda ya kai shi iya jifan faifai. In ya saki faifan robar nan, sai ya ratsa tsakanin itatuwa, ya je ya daki sarƙar kwandon ƙarfe ya faɗa ciki kamar an aike shi. Ya yi shekara shida yana bin gasa a Tallinn, babban birninsu, da ƙasar Finland, sau ɗaya ya taɓa zuwa na goma sha ɗaya, kuma babu wanda ya zauna da shi minti goma bai ji labarin wannan na sha ɗayan ba.

Filin wasan ƙauyen yana cikin dajin gari, kwando goma sha takwas. Ba gwamnati ta gina shi ba. Kowace Asabar ta farkon watan Mayu ake kiran gayya, maza su zo da injin yankan ciyawa da zarto, mata su zo da manjagara, a dafa miyar wake da baƙin burodi a ci a tsaye. A wurin gayyar aka yanke wa kowane kwando mizaninsa, wato yawan jifan da ya kamata mutum ya yi kafin faifansa ya shiga. Wani uku, wani huɗu. In aka haɗa duka, sittin ne. Wanda ya zagaye filin da jifa sittin ya yi daidai da mizani, ranar nan shi ke da baki a ɗakin wankan turiri, inda ake taruwa a yi hira.

Mahaifin Meelis, Endel, tsohon direban motar haya ne. Bayan an yi masa aikin zuciya likita ya ce ya riƙa tafiyar ƙafa kullum, shi kuwa ya ce bai ga dalilin da zai sa mutum mai hankali ya tafi inda ba a aike shi ba. Abokinsa Arvo ne ya danƙa masa wani tsohon faifai ruwan ɗorawa, ya ce to ga aike, jefa ka bi shi. Tun daga nan Endel bai fasa ba. Kowace safiya su biyu suna daji, suna jifa suna tsiya. Ya fara da jifa tamanin da biyar, a shekara huɗu ya sauko sittin da uku. Kumburin ƙafarsa ya sace, numfashinsa ya daidaita. Burinsa ɗaya ne a duniya: ya yi sittin kafin ya cika shekara saba'in.

Ana nan sai ƙungiyar wasan ta ƙauyen ta ɗora Meelis a kan kula da filin, don ai ba a ƙin ɗan gari mai ilmin abu ba. A taron farko ya shimfiɗa taswira a kan tebur.

"Wannan ba fili ba ne, lambun tsofaffi ne," in ji shi. "Ni da ido a rufe nake yin arba'in da bakwai. Wane ƙwararre ne zai ƙona mai ya zo nan? Katakan da ake tsayawa a kai a yi jifa, za a ja su baya. Kwando na bakwai zai koma ƙetaren fadama. Mizani kuma hamsin da huɗu, kamar yadda ake yi wa manya."

Piret, malamar makaranta da ke riƙe da takardun ƙungiyar, ta gyara tabarau. "To ka yi musu nasu mana, Meelis. Matsayi mai nisa na ƙwararru da mizaninsu, na kusa namu da sittin ɗinmu. Ai garuruwa da yawa haka suke yi. Dajin ba zai ƙare ba."

"Malama, mizani biyu yaudarar kai ce. Ki bar mutum ya san matsayinsa. In bai iya ba, ya koya."

Arvo ya ce, "Ɗan nan, a shekara saba'in da biyu me zan koya? Sai dai kwanciya."

Aka yi dariya, ban da Meelis. Ya ce in ba a yarda ba ga makullin rumfar kaya, su nemi wani. Mutanen Sookalda ba masu son doguwar magana ba ne. Kowa ya dubi ƙasa, shi kuma ya ɗauki shirun a matsayin amincewa.

Ranar Asabar ɗin da ta rage kwana biyu a fara aiki, Endel ya dawo gida hularsa a karkace, fuska kamar an yi masa bushara. Ya tarar da ɗansa yana wasa zarto a bakin rumbun itace.

"Sittin da ɗaya," ya ce. "A kwando na sha shida sarƙa ta tofo min faifan, da yau an gama. Tambayi Arvo."

"Madalla, Baba."

"Ka ba ni mako ɗaya kafin ka tumɓuke katakan nan. Hannuna ya zauna yanzu. Mako ɗaya kawai."

Meelis bai ko ɗago kai ba. "Baba, motar haƙa Litinin za ta zo, na riga na yi magana. Kuma tsakani da Allah, sittin ɗin nan ba sittin ba ce. Mizanin da aka yanke don kada ran tsofaffi ya ɓaci, mene ne abin alfahari a cikinsa?"

Endel ya gyara hularsa ya shiga gida. Lahadi ruwa ya wuni yana zuba, babu wanda ya fita. Litinin motar haƙa ta zo.

Ba za a ƙi faɗin gaskiya ba, Meelis ya iya aiki. Cikin wata guda filin ya zama abin kallo, dogo, matsattse, mai tsoratarwa. Ya kwashe tsoffin katakan matsayi ya jibge bayan rumfa, ya kafa sabon allo mai ɗauke da hamsin da huɗu da jan fenti.

Ranar buɗewa Endel da Arvo suka zo kamar kullum. Inda da suke isa kwando da jifa uku, yanzu sai biyar. A na bakwai Endel ya tsaya ya auna fadamar da ido, ya tattara ƙarfinsa ya jefa. Faifan nan ruwan ɗorawa ya tashi, ya gaji a tsakiya, ya faɗa cikin taɓo, baƙin ruwa ya rufe shi. Da aron faifai ya ƙarasa. Jifa saba'in da tara ya yi, wato ashirin da biyar sama da mizani, kuma Meelis ya kawo tsarin da sakamakon kowa ke fitowa a waya, gari duka ya gani.

Arvo ya so ya mai da abin wasa. "Kai, direba, ashirin da biyar? Ko fasinjojin da kake ɗauka ba su kai haka ba."

Endel bai rama ba, shi da ba a taɓa yi masa tsiya ya haɗiye ba. Ya sake zuwa sau biyu, sannan ya daina.

Ba shi kaɗai ba. Matan da ke zuwa da yamma bayan aiki suka ce ba su ga amfanin wasan da kullum mutum zai koma gida yana jin kansa wawa ba. Iyalai suka gaji da sayen faifai suna ciyar da fadama. Piret ta tare Meelis a gaban kanti ta ce masa babansa ya koma zaman kujera.

"Malama, lamba ce fa kawai. Tafiyar ai ita ce dai tafiyar. Ya je ya yi ta jifa, wa ya hana shi?"

"In lamba ce kawai, me ya sa ba ka iya barinta yadda take ba?"

Ya ji haushinta, ya wuce abinsa. Girman kai rawanin tsiya, mai shi ne kaɗai ba ya ganin yadda ya zauna masa.

A watan Agusta aka yi gasar da yake mafarki. Ƙwararru kusan saba'in suka zo da motoci da manyan jakunkuna. Wanda ya ci ya yi tara ƙasa da mizani, ya dafa kafaɗar Meelis ya ce fili ya yi kyau, sai dai a ƙara gyara ciyawa. Kafin rana ta faɗi ranar Lahadi duk sun watse, suka bar robobin ruwa da sawun taya. Meelis ya koma gida yana ba da labari, mahaifinsa na zaune gaban talabijin da ƙafafu a kumbure cikin silifas, yana cewa, "To. To, madalla."

Kaka ta wuce, sanyi ya shigo da dogon duhunsa. Endel ya yi nauyi, hawa matakala uku sai ya tsaya ya huta. Likita ya yi faɗa, Meelis ya saya masa sandunan tafiya masu tsada, suka zauna bayan ƙofa da ledarsu. Taurin kan tsohon ma ya taimaka, ba a musu. Amma Meelis ya san abin da ke fitar da shi daga gida a da, ya kuma san wanda ya tumɓuke shi. Sau da yawa ya yi niyyar ya mai da katakan, sai ya tuna abin da abokansa na birni za su ce, ya bar wa bazara.

Da Mayu ta zo ya kira gayya. Ya dafa miyar wake ta mutum arba'in. Mutum uku suka zo, ɗaya ma karensa kawai ya fito da shi yawo. Wa zai yanke ciyawar filin da ba ya wasa a ciki? Kafin tsakiyar Yuni ciyawa ta kai gwiwa, kaska ta cika ta, masu shirya gasa suka aiko cewa bana sun samu wani wuri.

A makon ne, da hantsi, Endel ya miƙa hannu zai ɗauki kofin shayi, kofin ya faɗi. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Ya yi wata biyu a asibiti, ya dawo a keken guragu, baki a karkace, hannun jifan nan kwance a cinya kamar ba nasa ba.

Meelis bai gaya wa kowa abin da ya ƙudura ba. Ya je bayan rumfa ya zaƙulo tsoffin katakan, rabinsu sun ruɓe. Shi kaɗai ya yi ta ɗauka, yana neman ramukan da suka cike, yana kafawa. Ya dawo da kwando na bakwai wannan gefen fadama. Ya yanke ciyawa har tafin hannunsa ya yi kanta ya fashe. Ya goge jan fentin ya rubuta sittin. Kwana goma sha tara ya yi yana wannan aiki, baƙin ciki na cin sa, don ya san mako ɗaya aka roƙe shi.

Ran da ya gama ya turo mahaifinsa har gaban allon, Arvo na biye da su. Ya durƙusa ya ɗora masa sabon faifai ruwan ɗorawa a cinya.

"Baba, duba. Na mayar da komai. Sittin ne."

Endel ya dubi allon, ya dubi kwando na farko can tsakanin itatuwa. Ya sa hannun hagu ya ɗaga na daman ya ɗora a kan faifan. Yatsun suka zame, faifan ya gangara ƙasa. Arvo ya juya baya yana share hanci. Tsohon ya yi ta kokawa da harshensa kafin maganar ta fito.

"Ka yi aiki," ya ce. "Mai da ni gida, ɗana. Sanyi nake ji."

Meelis ya ɗauki faifan, ya kama keken ya juya. Endel ya cika saba'in a wannan kujerar, kuma sittin da ɗaya ce ta zama mafi kyawun abin da ya taɓa yi.

Darasin da ke cikin wannan labari shi ne, duk wanda Allah ya fifita da wata baiwa, kada ya mai da ƙarfinsa ma'aunin da zai auna kowa. Abin da gwani ke gani wasan yara, wataƙila shi ne abin da ke tayar da wani daga kan gado kowace safiya. Da Meelis ya bar mizani biyu, da ƙwararru sun samu nasu, mutanen gari sun riƙe nasu, babu abin da zai ragu a jikinsa. In aka ba ka ikon yanka wa mutane ƙa'ida, ka fara duba masu raunin cikinsu, domin galibi su ne ke riƙe da wurin. In kuma na kusa da kai ya roƙe ka abu kaɗan, ka ba shi tun yana iya karɓa, don da-na-sani ƙeya ce, a baya take.