An Ɗauke Wuta, In Ji Malam Inuwa

Ku matso ku ji wata, amma kada wanda ya yanke hukunci sai na dire.

Malam Inuwa dattijo ne mai ciwon gwiwa, ga shi da taurin kai. Kullum sai ya jawo ƙafa zuwa bakin rijiya don kunna injin ruwa. Abin ya dami 'ya'yansa uku, Nazifi da Barira da Sagir, sai suka haɗa masa soket mai 'yar ƙwaƙwalwa, wadda za ta kunna injin da kanta idan tanki ya yi ƙasa.

Nazifi ne ya yi aikin waya. Ya raba wayoyin lantarki da na ƙwaƙwalwar, ya rufe su cikin akwati, sannan ya kafe sai an sa makatsi mai yanke wuta da zarar ta bi jikin mutum. Uban ya ce, "Kai dai ka cika tsoro." Nazifi ya ce, "Na ji, Baba," ya ɗaura abinsa.

Barira ce ta tsara ƙwaƙwalwar. Da yake ta san halin ubanta, sai ta ƙara mata ƙaramin batir, ta kuma sa ta riƙa aika saƙo zuwa wayoyinsu duk lokacin da aka buɗe akwatin.

Sagir kuwa bai san komai a harkar ba, riƙe tsani kawai ya yi. Shi aikin jinya yake koyo.

Ran nan kowa ya tafi suna, Malam shi kaɗai a gida. Ya idar da alwala, ƙafa jiƙe, sai ya ga tururuwa na shiga akwatin. Ya ce ai an ɗauke wuta. Wannan maganar, jama'a, ta ci mutane da yawa, domin mai ɗaukewa ba ya sallama in zai dawo da ita. Bai kashe babban makunni ba, ya kwance murfi ya zura hannu. Sai aka kawo wuta.

Makatsin Nazifi ya yanke ta nan take, amma tsohon ya riga ya faɗi, numfashi ya ɗauke. Saƙon Barira ya shiga waya. Sagir ya bar takalmansa a gidan suna ya sheƙo, ya kashe makunni, ya durƙusa yana danna ƙirjin ubansa yana kuka, yana cewa, "Baba, kada ka yi mana haka!" Bai daina ba sai da Malam ya yi tari. Wallahi ko ni da nake ba ku labari, nan wurin yana taɓa ni.

Yanzu Malam ya warke, bana zai sauke farali, kuma ɗa ɗaya kaɗai zai iya ɗauka ya raka shi. Ya dube su ɗaya bayan ɗaya.

To, ku da kuke zaune, wa zai ɗauka, kuma da wane ido zai kalli sauran biyun?