Bugun Da Corey Ya Ƙi Miƙawa

Akwai wani manomin alkama a garinmu Binnawarra, can cikin karkarar Victoria, sunansa Corey Tregenza. Ranakun aiki yana kan tarakta, ranar Asabar kuwa shi ne ɗan gaban kulob ɗinmu na ƙwallon Ostireliya.

In Corey ya yi tsalle ya cafe ƙwallo a sama, alƙali ya hura usur ya ba shi bugunsa, masu motocin da ke kewaye da fili sukan ɗora hannu a kan hon tun kafin ya buga. Sun san za ta bi tsakanin dogayen sanduna biyu da ake cin ƙwallo a tsakaninsu, maki shida sun shiga aljihu. Shi ma ya sani, har da ɗan taƙama yake ja da baya.

Sai bara, a wasan kusa da na ƙarshe, ya samu bugu dab da bakin sanduna, irin wanda ko da ido rufe yakan ci. Ƙwallon ta zame gefen ƙafarsa ta daki sanda. Maki ɗaya muka samu, muna neman shida, aka fitar da mu.

Ba wanda ya zage shi, kuma wannan ya fi yi masa ciwo. Matan kantin fili suka riƙa ƙara masa nama a burodi, maza a wurin awon alkama suna ganinsa sai su koma zancen ruwan sama.

Da sabuwar kakar wasa ta zo, ƙafar Corey lafiyarta ƙalau. A gona, shi kaɗai, tsakanin itatuwa biyu, ba ya kuskure. Amma da ya riƙe ƙwallo a gaban jama'a sai tafin hannunsa ya jiƙe, ya sake ta a karkace, ta tafi inda ta ga dama.

Sai ya samo dabara. In ya cafe, maimakon ya ja baya ya buga, sai ya yi sauri ya tura wa Angus Mibus, abokin wasansa, wani mai askin tumaki da ke tsayawa can gefen layi. Wurin Angus matsattse ne, sandunan ma da ƙyar ake ganin tsakaninsu. Wata ta shiga, da yawa su fita.

Abin haushi, gari ya ɗauki wannan a matsayin halin kirki. Koci Des Hausler har miƙewa ya yi a wurin cin abincin kulob na ranar Alhamis, ya ce kowa ya koyi rashin son kai daga Corey. Aka tafa. Angus ma ya tafa, alhali shi ne 'yan kallo suka fara kira da mai ƙafar katako.

Mutum ɗaya ce ba ta tafa ba, yayar Corey, Narelle. Ita ke naɗe wa 'yan wasa idon sawu da wuyan hannu kafin a shiga fili, saboda haka ta san hannun mai jin tsoro. Ta same shi washegari yana gyaran shinge.

"Corey, kyauta kake yi ko gudu?"

"Wane irin gudu kuma, Yaya? Ba ki ji abin da Koci ya ce ba?"

"Na ji. Koci yana kallon ƙafarka, ni hannunka nake riƙewa. Tsoronka kake ƙunshewa ka miƙa wa Angus, shi ya sha zagi, kai ka sha tafi. Ni dai ban goyi matsoraci ba."

Ransa ya ɓaci ƙwarai. Ya ce ta kama gabanta, ita da ba ta taɓa tsayawa gaban sanduna ba. Ta ce haka ne, ta shiga motarta ta tafi.

Asabar ɗin da ta biyo ya sake turawa, Angus ya sake ɓararwa. Wani tsoho ya leƙo ta tagar mota ya ce Angus ya koma wurin tumakinsa, su ne daidai da shi. Matar Angus tana zaune a motar da ke kusa, ta sunkuyar da kai. Corey ya gani, kunya ta kama shi har ya kasa cin abinci ranar.

Ya bi Angus rumfar aski ya faɗa masa gaskiya, ba ƙari ba ragi. Ya zaci za a yi faɗa. Angus ya saki tunkiyar da ke hannunsa ya yi dariya.

"Mutumina, tun wasan farko na gane. Kai da ko ruwan sha ba ka miƙa wa mutum, rana ɗaya ka zama mai kyauta? Na ce bari in riƙe maka kayan har ka dawo. Amma fa sun fara nauyi."

Angus ne ya ce bugun gona ba zai yi masa magani ba, tunda itatuwa ba sa dariya. Daga ranar, in an tashi atisaye ba wanda ke tafiya gida. Angus ya tsaya gabansa yana tsalle yana tsokana, sauran su jeru suna ihu, Narelle ta danna hon. Corey ya ɓarar, aka yi masa dariya, ya ɗauko ya sake. A hankali ya ga mutum yana iya ɓararwa a gaban jama'a kuma gari ya waye kamar kullum.

Kada ku ce ya warke. A wasannin da suka rage wasu sun shiga, wasu sun fita, sau ɗaya ma tsohon hali ya dawo ya tura. Amma mun lallaɓa har wasan ƙarshe, mu da makwabtanmu Tarrangil, waɗanda ko a jana'iza muka haɗu sai an yi gardamar ƙwallo.

Ranar gari ya watse, har kantin magani a rufe. Iska tana kaɗawa a karkace. Lokaci ya kusa cika, Tarrangil suna gabanmu da maki huɗu, sai aka ɗago wata doguwar ƙwallo. Corey ya taka bayan wani ya tashi sama ya cafe ta. Usur ya yi ƙara.

Wurin da nisa, kuma ba saitin sanduna ba ne sosai. Can gefe Angus ya kufce wa mai tsaronsa, ya ɗaga hannu.

"Ga ni, in kana so," in ji shi.

Ba tsokana a muryarsa. Da gaske yake, a shirye yake ya sake ɗauka. 'Yan kallo ma suna ta cewa a tura. Da Corey ya tura, aka ɓarar, ba mai ganin laifinsa, sunan Angus za a riƙa kira shekara da shekaru.

Ya dubi Angus ya girgiza kai.

"Wannan nawa ne. Ta shiga nawa, ta fita nawa."

Ya juya yana ja da baya, sai jiniyar tashi ta ɗauka. Kowa a garinmu ya san ma'anar wannan: ba sauran turawa, ba sauran gudu da ƙwallo. Bugu ɗaya ya rage, kuma wanda ya cafe shi zai yi.

Wani ƙaton ɗan Tarrangil ya tsaya a inda aka cafe, ya ɗaga hannuwa sama.

"Tregenza, sandar bara tana gaishe ka. Ta ce ta yi kewarka."

"Ina amsawa," in ji Corey.

Ya goge tafin hannunsa a riga. Ya ja numfashi, ya zaɓi kan rumbun alkamar da ke can bayan sanduna ya kafa masa ido. Ya taho a hankali, ya saki ƙwallo, ya buga.

Ba zan yi muku ƙarya ba, bugun bai yi kyau ba. Ta tashi tana tangaɗi kamar kazar da aka jefa, iska ta ja ta wajen sandar dama. Alƙalin bakin sanduna ya matsa, ya ɗaga kai ya bi ta da kallo, ya dawo tsakiya ya miƙe yatsunsa biyu, sannan ya ɗauko fararen tutoci biyu, alamar ta shiga, maki shida, mun ci wasa.

Ban taɓa jin hon irin na ranar ba. Narelle ta zauna a ciyawa tana kuka, tana faɗa wa duk wanda ya wuce cewa ƙanenta ne, kamar akwai wanda bai sani ba. Angus ya rungume shi ya ce a rayuwarsa bai taɓa ganin mummunan bugu irin wannan ba.

A ɗakin canja kaya 'yan wasa suka yi da'ira, kafaɗa da kafaɗa, za a rera waƙar kulob. Aka tura Corey tsakiya. Ya ɗaga hannu ya ce a dakata. Ya faɗa wa Koci da duk wanda ke ɗakin dalilin turawar da aka yi ta yabonsa a kai, da wanda ya sha zagi a madadinsa kuma bai taɓa yin ƙorafi ba. Sannan ya jawo Angus ya tsayar da shi a tsakiya, shi ya koma cikin da'ira.

Tsohon nan mai maganar tumaki yana bakin ƙofa. Ya cire hularsa, da shi aka rera.

Darasi: Jin tsoro ba abin kunya ba ne, abin kunya shi ne ka ɗora wa wani nauyinka ka tsaya karɓar yabo. In naka ne, ɗauki abinka ko da kana jin tsoro, kuma kada ka manta da wanda ya riƙe maka a lokacin da ka kasa. Ku tura wa abokanku wannan labari, musamman Angus ɗin rayuwarku.