Gurbi Ɗaya a Rumfar Ladan Baduku

To, ku gyara zama. Kai mai wayar nan, kife ta tukuna, ai labarin ma kusan na waya ne, ba za ka yi asara ba. In na gama zan yi muku tambaya ɗaya, kuma ban yarda wani ya ce mini "ai duk sun yi ƙoƙari" ba. Wannan ba amsa ba ce, zillewa ce.

A bayan kasuwar garinmu an yi wani baduku, Ladan sunansa, Allah ya jiƙansa. Shekara hamsin yana ɗinkin fata a rumfa ɗaya, jakunkuna da takalma da kube. Ya rasu ya bar matarsa, Inna Tabawa, da 'ya'ya uku. Babban shi ne Shehu, wanda ya gaji basilla ya zauna a rumfar. Na biyu Tukur, ya taɓa boko har sakandare, daga baya ya ce shi warin fata ya ishe shi, ya koma tuƙa a-daidaita-sahu. Autarsu Luba tana aure a unguwar gaba, ita ke yi wa jakunkunan ado in an kai mata gida.

Kayansu duka mutum ɗaya ke kwashewa, wani dillali da ake kira Alhaji Ɗantani. Ya saya a wulaƙance, ya buga hatiminsa a gindin jaka, ya ɗauki hoto ya sa a intanet, mutanen Legas da na ƙasashen waje su yi ta rububi. Aikin gidan Ladan, sunan Ɗantani. Abin ya daɗe yana ci mini rai, ni da ba nawa ba ma. Rumfa kuwa kullum baya take yi, har Shehu ya gaya wa uwarsu cewa in shekarar nan ta ƙare a haka, zai ja ƙofa ya rufe, ya je ya nemi aikin gadi.

Tukur ne ya fara jin labarin, a rediyon kekensa. Gwamnati za ta ba ƙananan masu sana'a tallafi: kwamfuta, waya mai kyakkyawar kyamara, shago nasu na kansu a intanet, da horo kan yadda ake sarrafa su. Wasu suka ji suka yi tsaki, suka ce ai an riga an raba tun kafin a faɗa. Shi kuwa ya juya kan keke bai tsaya ko'ina ba sai rumfa. Ya jingine tuƙi har mako uku, mutumin da ke da mata da yara huɗu. Ya bi ofisoshi ya gano takardun da ake so: katin ɗan ƙasa na mai sana'a, asusun banki, da rajistar sana'a. Rajistar babu, shi ya yi zirga-zirga ya yi ta. Ya aro waya mai kyamara ya shimfiɗa farin zane a rana, ya ɗauki hoton kowace jaka. Ya zauna ya rubuta bayanin abin da za su yi da kayan in an ba su, da Turancin da ya kwana biyu bai taɓa ba, ya yaga ya sake har sau shida. Cike fom ɗin neman tallafin a intanet ma sai da ya yi kwana huɗu, yana kaiwa ƙarshe sabis ya ɗauke, ya koma farko. Matarsa ta yi magana, abokan tasha suka yi masa dariya, ko a jikinsa. In ba Tukur, ko labarin ba za su ji ba, balle su shiga layi.

Sai magana ta kai kunnen Alhaji Ɗantani. Ya zo rumfa da babbar riga, ya tsaya a kan Shehu yana kaɗa makullin mota.

"Shehu, wannan harka ba ta irinku ba ce. Kawo takardun in sa ku a ƙarƙashin kamfanina, in ta fito na san abin da zan yi muku."

Shehu bai ko ajiye basilla ba. Ya ce, "Alhaji, fatar tamu ce, hannun namu ne. In za a ƙi mu, a ƙi mu da sunanmu."

Daga ranar Ɗantani bai ƙara sayen ko maɗaurin takalmi a wurinsu ba, ya kuma zagaya wurin majema ya ce duk wanda ya ba Shehu fata ya nemi wani mai saye. To, a cikin sharuɗɗan tallafin akwai cewa masu dubawa za su zo ba sanarwa, kuma dole su tarar da sana'a a buɗe ana aiki. Rumfar da ba fata ba mai saye, da me za ta zauna a buɗe? Shehu ya kafe. Ran kasuwar ƙauye ya hau tsohon kekensa tun da hantsi ya je ya samo fata biyu ko uku, ya dawo ƙafa a kumbure. Sauran ranaku ya buɗe ƙofa ya zauna yana ɗinki, jakunkuna suna taruwa a rataye ba mai tayawa. Gidansa aka koma shan garin kwaki. Maƙwabta suka ce, "Haba Shehu, je ka ba Alhaji haƙuri mana, girman kai ba ya tuƙa tuwo." Ya ce a bar shi da yunwarsa. Wata biyu cur aka yi a haka. Wata Laraba da azahar sai ga mutum biyu da kundi a hannu, suka tarar da shi ya duƙufa a kan wata jar jaka. Suka duba, suka yi tambayoyi, suka sa hannu. Da ya ja ƙofa ko na yini ɗaya aka yi rashin sa'a, da shi ke nan.

Ana saura kwana uku a rufe karɓar takardu, sai saƙo ya shigo wayar Tukur: an dakatar da neman ku, sunayen mai sana'a ba su dace da juna ba. Yanzu ku saurara da kyau, don nan ne abin ya ba ni dariya ya kuma ba ni haushi. Ran suna, Usman aka raɗa wa Shehu, kuma shi ke kan katinsa na ɗan ƙasa. Kun san kowane Usman a wurinmu Shehu ne, to da ya je buɗe asusu aka tambaye shi suna, ya ce Shehu Ladan. A gida kuma, da yake sunan wan mahaifinsa ya ci, ba mai kiransa sai da Baffa. Gogan naku Tukur, da ya je yin rajista, sai ya rubuta abin da bakinsa ya saba: Baffa Ladan. Mu a nan ko jariri ya san mutum ɗaya ne. Kwamfuta kuwa ta ce atafau mutum uku ne suka haɗa baki za su cuci gwamnati.

Ofishin tallafi suka ce magani ɗaya ne: takardar rantsuwa daga kotu, uwa ko uba ya tsaya shaida ya bayyana sunan ɗansa. Uba yana cikin kushewa. Aka ɗauko Inna Tabawa. Ga shi kuwa Shehu ɗan fari ne, shekara arba'in da biyar ba wanda ya taɓa jin sunansa a bakinta. "Kai" take ce masa, in ba ya nan ta ce "babban".

Magatakarda ya ce, "Inna, mene ne sunan ɗanki?"

Ta ce, "Ga shi nan kana ganinsa."

Ya sake tambaya, ta ja mayafi ta rufe fuska. Tukur ya durƙusa yana roƙo, "Inna, don Allah, sau ɗaya tak." Ta ƙi faɗa. Magatakarda ya fara ɗaga murya, mutanen da ke kan benci suka fara ƙus-ƙus. Shehu ya miƙe ya kama hannunta, ya ce ba za a tozarta masa uwa saboda kwamfuta ba, a bar tallafin. Suka dawo gida. Na ga Tukur a ranar, wallahi ya ba ni tausayi.

Luba ba ta je kotun ba, labari aka kai mata. Ta ji, ta ce a bar mata. Ita kaɗai ta tuna cewa Inna 'yar gidan malamai ce, ta yi allo tun tana yarinya, har yau in za ta aika saƙo ƙauye da ajami take rubutawa. Washegari da safe ta ɗauki uwar, da alƙalamin kara da 'yar kwalbar tawada, suka koma. Ta ce wa magatakarda tsohuwa za ta rubuta. Ya ce ba a haka, doka ta ce ta faɗa.

Luba ta ce, "Ranka ya daɗe, karanta mini inda aka ce da baki. Bayyanawa aka ce."

Ya ce ta fita. Ta ce ba inda za ta. Ya kira ɗan sanda, ta ce ai ba laifi ta yi ba, kotu ta kowa ce. Ta shimfiɗa wa Inna ɗankwali a bakin ƙofar alƙali, ta tsaya a kanta tun safe har bayan la'asar, ba ci ba sha, maza suna wucewa suna cewa wannan wace irin mace ce mara kunya. Da alƙali ya fito zai tafi gida ta tare shi ta gaya masa komai, ba rawar murya. Shi kuwa dattijo ne, ya yi allo shi ma. Ya koma ciki ya ce a kawo takarda. Inna Tabawa ta juya wa kowa baya, ta tsoma alƙalami, ta rubuta sunayen nan uku a jere, ta dangwala yatsa. Alƙali ya karanta, ya buga hatimi. Kunyarta ba ta zube ba, takarda kuma ta fita. Tukur ya tura ta ana saura yini ɗaya.

Bayan mako shida amsa ta zo: an ba su. Aka yi guɗa a gidan Ladan har maƙwabta suka leƙo. Amma a ƙasan takardar akwai gurbi ɗaya da ba a cike ba. A rubuta mutum ɗaya wanda zai je babban birnin jiha horon wata uku, shi zai riƙe lambar sirrin shagon intanet, duk mai saye da shi zai yi magana. An ba su mako guda, in ba su cike ba a miƙa wa na bayansu.

Nan aka tsaya. Shehu ya ce rumfar tasa ce, shi ya sha yunwa a kanta, kuma ba don a sake ɗora masa wani dillali ya kori Ɗantani ba, ko da ɗan uwansa ne. Sai dai ba ya karanta boko, kuma in ya tafi wata uku ba mai riƙe basilla. Tukur ya ce shi ya kawo maganar, shi ya iya na'urar. Aka tuna masa shekara takwas ke nan da ya ce fata na wari, kuma rubutunsa ne ya kusa kashe su. Luba ta ce ran da ƙofa ta rufe su biyun gida suka koma suka zauna, ita ta buɗe. Suka ce ita matar wani ce, ba a kai makullin gidan Ladan wani gida. Ta ce adon da ke sayar da jakar ma ai daga wancan gidan yake fitowa. Aka je wa Inna, ta ce ita ta yi nata rubutun, ba ta ƙara wani.

Yau kwana biyar ke nan. Mutum uku da suka yi tsayayya da Alhaji da ofis da kotu, ga su zaune a rumfa ɗaya, takarda a tsakiyarsu, ba mai kallon wani. Jibi Juma'a wa'adi ke cika, in gurbin nan ya kwana fari, Shehu zai ja ƙofar nan ya tafi gadi.

To, ga biro na miƙa muku. Shehu, Tukur, ko Luba: sunan wa za ku rubuta?