Kwanon Malam Haladu

Akwai wani mutum, manomi, da yake zaune a bakin kogi. Katanga ɗaya ce ta raba gidansa da na wani tela mai suna Malam Haladu. Manomin majami'a yake zuwa, telan kuwa masallaci. In abinci ya sauka, telan yakan ƙwanƙwasa katangar da almakashi, manomin ya zagayo da hannu a wanke. Kun dai san al'adarmu, ba a mayar wa maƙwabci kwano wayam. Ko ƙuli-ƙuli ne sai a jefa a ciki, kada kwanon ya ji kunya a hanya.

Wata Sallah daga gidan telan aka aiko wa manomin waina da miyar taushe a kwanon samira mai murfi. Ya cinye, ya suɗe. Matarsa ta wanke kwanon, ta ce a dakata ta dafa abin kirki a mayar. Kafin ta dafa, rikici ya tashi a garin. Da hankali ya kwanta, masu zuwa masallaci duk sun koma ƙetaren kogi. Gidan telan ba kowa, sai gurbin ƙafafun keken ɗinki a ƙasa.

Da Kirsimeti ta zo, manomin ya sa aka cika kwanon da shinkafa, ya naɗe wando zai shiga ruwa. Matarsa ta ce tunda ya zaɓi ya mutu saboda samira, ya fara nuna mata inda ya ɓoye irin masara. Ya haye, ya bi gida-gida yana tambaya. Wasu suka ce telan ya yi gabas, wasu suka ce garinsu ya koma. Abinci na hucewa, sai ya miƙa wa wata tsohuwa da ta fi kowa harararsa. Ta shinshina, ta juye, ta wanke kwanon. Da yake ita ma an yi mata tarbiyya, ta cika masa shi da dakuwa. Ya kawo wa maƙwabtansa, waɗanda suka rantse ba za su ƙara cin abin ƙetare ba. Suka cinye tas, wai bincikawa suke yi.

Haka kwanon ya yi ta kai da kawowa shekara da shekaru. Mutane suka fara bin sa, daga nan da daga can, har suka zama ƙungiyar sa kai. Suka yashe rijiyoyi, suka gyara karyayyiyar gadar kogin, in faɗa ya taso su zaunar da dattawa a inuwa ɗaya. Aka sa wa manomin suna Baba Mai Kwano. Ya yi tumbi, matarsa ta ce ba ta taɓa ganin aikin sulhu mai sa ƙiba irin wannan ba. Amma duk gidan da ya shiga, in zai fita sai ya tambaya ko an ji labarin Malam Haladu tela. In akuya ta goga ƙaho a jikin katangar nan, har ya tsufa yakan ɗaga kai.

Ana nan sai ƙungiyar ta shirya karrama shi. Aka kafa rumfuna a bakin gada, aka yi shela a rediyo. Shugaban ƙungiya ya ari kwanon, ya sa aka goge shi, aka zaunar da shi a akwatin gilashi. Aka sa wa Baba babbar riga, aka rataya masa lambar yabo. Shugaba ya yi jawabi, har wani dattijo ya yi barci ya farka ya tarar ana kan gaisuwa. Baba dai ba ya saurare, fuskokin mutanen ƙetare yake bi ɗaya bayan ɗaya. Sai da ya ji an ce za a kafe akwatin a bangon ofis har abada, sannan ya miƙe.

Ya ce, "Ranka ya daɗe, rigar na karɓa, na gode. Kwanon nan kuwa ba nawa ba ne. Mai shi nake nema."

Wata mata ta taso daga rumfar mata, ta roƙa a kifa kwanon. A gindinsa akwai alamar jan fenti kamar sawun kaza. Ta ce shaidar mahaifiyarta ce, a rediyo ta ji labari ta biyo mota.

"Baba, ni ce Hanne, 'yar Malam Haladu. Ni na kawo maka shi ranar nan."

Ya dube ta, ya duba bayanta. Ya ce, "Ina Malam?"

Ta ce daminar bara ya rasu. Ta ce kowace Sallah sai ya sa a ɗebi na maƙwabcinsa a ajiye kusa da shi, yana cewa mutumin nan ba ya riƙe kwanon mutane, yana nan tafe.

Baba ya karɓi kwanon. Sannan ya ɗaga murfin, ya ga kwanon sai ƙyalli yake yi, ba ko ƙwayar shinkafa. Ya tattare babbar riga, ya ratsa manyan baƙi, ya nufi bayan rumfa inda mata ke girki. Da hannunsa ya cika shi, miya ta ɓata masa riga. Matarsa ta tsamo cinyar kaza ta ɗora a kai. Ya miƙa wa Hanne da hannu biyu.

Ya ce, "Ki gaya wa mahaifiyarki mun yi jinkiri."

Ta ce, "Zai dawo, Baba. Mu ma ba ma mayarwa wayam."

Ma'anar wannan misali ita ce, 'yan'uwa: kwanon nan ranka ne da nawa. Ba namu ba ne, Ubangiji ne ya aiko mana da shi cike da alheri, tun ba mu dafa masa komai ba. Ƙetaren kogi shi ne mutumin da ka daina gaisarwa, ko da a benci ɗaya kuke zama ran Lahadi. Mai aikin salama na gaskiya ba riga yake nema ba, marmarin ganin Mai kwanon ne ke sa shi shiga ruwa, a hanya kuma mutane suke ƙoshi. In an karrama ka, karɓi rigar, ka yi godiya, amma kada ka yarda a sa ka a gilashi.

Manomin bai ƙara ganin maƙwabcinsa ba. Mu kuwa Almasihu, wanda muke jira, yana da rai, za mu kuma gan shi ido da ido. Ran nan zai ɗaga murfi. Kowa ya je gida yau ya duba, kwanon wa ke kife a ɗakinsa.