Ranar da Hajo ta wanke motar Gwadabe

Akwai wani manomin auduga a wani ƙauye kusa da Kafur, sunansa Malam Gwadabe. Mutum ne mai sanyin hali da fara'a, har sai an zo kan motarsa. A nan ne kawai ba ya da wasa.

Motar kuwa, in kun gan ta ranar da aka kawo ta, sai kun yi dariya. Tsohuwar Fodi ce ta wani Bature da ke aiki a wurin gurzar auduga a Funtua. Da aka samu 'yancin kai Baturen zai koma gida, ya rasa mai ɗaukarta, don ta daɗe ba ta tashi. Gwadabe ya saye ta, shanun noma suka jawo ta har ƙofar gidansa, mutanen gari na biye suna shewa.

Shi ba bakanike ba ne, sha'awa ce kawai Allah ya ɗora masa. Ya yi mata rumfar kara. Kullum ya dawo gona, sai ya tuɓe riga ya shige ƙarƙashinta da sifana. Yau ya wanke filogi, gobe ya liƙe lagireto, jibi ya tafi Funtua neman wani ɗan ƙarfe da ba wanda ya san sunansa. Damina ta wuce, wata ta zo, yana nan yana fama.

Doka ɗaya ya kafa a gidan: kada kowa ya taɓa motar. Ko kaza ta haye kanta sai ta gane kurenta.

Matarsa Hajo ita ta fi kowa kiyaye dokar. Sun tsufa tare, 'ya'yansu duk sun yi aure sun watse. Idan ta kawo masa fura, a bakin rumfa take ajiyewa ta juya. Tana son ta zauna su yi hira kamar da, amma tana tsoron kada zanenta ya gogi wani abu. Gwadabe bai taɓa lura ba, idonsa na kan inji.

Ana nan, ranar wata Laraba motar ta yi tari, ta yi atishawa, ta tashi! Gwadabe ya yi ta murna kamar an yi masa haihuwa. Bayan 'yan kwanaki ya je har Zariya ya samo koren fenti, ya shafe ta da buroshi da hannunsa. Ya aika wa amininsa Aƙilu, mai ɗinki a Funtua, wanda ya fi kowa yi masa tsiya, cewa ranar Juma'a yana nan tafe a cikin motarsa.

Ranar Alhamis ya tafi Malumfashi karɓo sabon batir. Hajo ta tsaya daga nesa tana duban motar. Fentin hannu ba ya sheƙi, ga kuma ƙura ta ɗan hau. Abin ya dame ta. Yaya mijinta zai shiga Funtua da mota dusu-dusu, a yi masa dariya?

Ita kuwa duk ƙauyen an san ba tasoshin da suka kai nata ƙyalli. Sirrin ba wani ba ne, toka ce da yashi mai laushi da soso. Ta ce a ranta, ai mota ma ƙarfe ce.

Ta fara da fitilu, suka ɗauki ido. Daɗi ya kama ta, ta zarce kan inji, ta gangaro ƙofa, tana dirza iya ƙarfinta.

Da la'asar Gwadabe ya dawo, batir a bayan keke. Ya doso rumfa, sai ya tsaya cak. Gefe guda na motar ya koɗe, ƙarfe ya fito fili, duk zane-zanen yashi. A ƙasa ruwa ne kore shar yana gangarawa.

Hajo ta ɗago tana haki, fuskarta cike da murna.

"Sannu da zuwa, Malam. Ka ga irin dauɗar da ke jikinta? Ruwan har kore yake fita! Saura ɗaya gefen, yanzu zan gama."

Gwadabe ya sake duban motar, ransa ya ɓaci. Maganar da ta zo bakinsa, da ya fito da ita, da Hajo ba ta ƙara kusantar rumfar nan ba har abada, wataƙila ma ba ta ƙara sakin jiki da shi ba. Ya buɗe baki, sai idonsa ya sauka kan hannuwanta. Toka ta cinye yatsun, ɗaya har ya tsage yana jini. Tsohuwar nan tun hantsi take durƙushe don kada a yi masa dariya.

Ya haɗiye abin da ke bakinsa.

"Sannu da aiki, Hajo," ya ce. "Bar ɗaya gefen haka, kin gaji. Zo in ga hannun nan."

Ya ɗebo ruwa da kansa ya wanke mata, ya shafa mata man kaɗe.

"Gobe ki shirya. Tare za mu Funtua, ki gano ƙanwarki Shafa'atu."

"Ni? A cikin motar?"

"Wa ya fi ki cancanta?"

Washegari suka kama hanya, rabin mota kore, rabi kamar bayan tukunya. Hajo na gaba, ta riƙe kujera da hannu bibbiyu tana salati a kowane gargada.

A Funtua, Aƙilu ya fito daga shago, ya zagaya motar, ya riƙe ciki don dariya.

"Gwadabe, fentin ne ya ƙare, ko akuya ce ta lashe rabi?"

"Wanki aka yi mata," in ji Gwadabe, ko a jikinsa. "Kai wa ya taɓa wanke maka keken ɗinkinka har hannunsa ya yi jini? Dubi fitilun nan, ka taɓa ganin irinsu?"

Aƙilu ya dubi Hajo, ya ga yatsa ɗaure da ƙyalle. Dariyar ta tsaya. Ya rusuna ya gaishe ta.

Suka kama hanyar komawa har suka yi nisa. Can Hajo ta ce, "Malam, ashe fentinka na kankare. Sai da Aƙilu ya yi magana na gane. Me ya sa ba ka yi mini faɗa ba?"

"Fenti yana nan a Zariya, ko gobe na so sai in je," ya ce. "Ni ne da laifi. Na bar ki a bakin rumfa kamar baƙuwa, ban taɓa nuna miki komai ba. Ta ina za ki sani?"

Hajo ta share ido da gefen mayafi. Sannan ta ce, "To, in za ka sayo, ka sayo shuɗi. Koren nan dama bai yi mini ba."

Gwadabe ya yi dariya har motar ta kusa faɗawa gonar dawa.

Shuɗin ya sayo. Shi ya shafa gefe guda, ita ta shafa ɗayan, kuma kowa ya gani ya ce nata ya fi kyau.

Darasi: Idan wanda ke ƙaunarka ya yi maka ɓarna, ka fara duba niyyarsa kafin ka dubi asararka. Abin hannu ana sake shi, amma zuciyar da ka fasa da baƙar magana ba a shago ake samunta ba. Ku tura wa 'yan uwa da abokai, musamman wanda kuka san yana da abin da ba ya bari a taɓa.